Yadda Ƙaramin Ɗan Kasuwa Zai Tallata Hajarsa a Intanet Ba Tare da Ya Ƙona Jarinsa Ba

Da yawa daga cikin ƙananan 'yan kasuwar da ke cewa sun gwada talla a intanet ba ta tsinana musu komai ba, in ka zauna da su ka bi diddigin yadda aka yi, labarin ɗaya ne. Sun wallafa hoton kayansu, sai suka ga wani shuɗin maɓalli a ƙasa yana musu alƙawarin cewa da kuɗi kaɗan mutum dubu kaza za su gani. Suka danna, suka biya. Mutanen kuwa sun gani, wasu sun yi layk, wasu sun rubuta "ya yi kyau", bayan kwana uku kuɗin ya ƙare, ciniki bai motsa ba. Kamfanin bai cuce su ba, ya cika abin da ya ɗauka: idanu ya sayar musu. Su kuwa masu saye suke nema, amma ba su gaya masa haka ba.

Talla ta kuɗi ba ta ƙirƙiro ciniki daga babu. Abin da ke tafiya take ƙara wa gudu, abin da ya lalace kuma ta tona masa asiri a gaban jama'a da yawa. Shi ya sa a matakan nan biyan kuɗi ya zo can baya, kuma zai fi kyau a bi su a jere yadda suke.

Mataki na 1: Ɗauko biro ka yi lissafi kafin ka taɓa waya

Tambayar farko ita ce: nawa za ka iya kashewa wajen samun mai saye guda ɗaya ba tare da ka faɗi ba? Wanda bai san amsar wannan ba, ba shi da ma'aunin da zai ce tallarsa ta ci ko ba ta ci ba, sai dai ya yi ta zato.

Ga misali na lissafi kawai, ka sa sunan kuɗin da kake mu'amala da shi. A ce kana sayar da kaya a kan 1,000. Sarinsa 600, marufi da kai wa mai saye sun cinye 100. Ribarka 300. Wannan 300 ita ce iyakarka: duk tallar da ke cin fiye da haka kafin ta kawo mutum ɗaya, daga uwar kuɗi take ci. Kuma ba za ka miƙa ribar gaba ɗaya ba, to a ce ka amince da rabi, wato 150.

Yanzu ka duba saƙonninka na watan da ya wuce. Cikin mutum 10 da suka tambaye ka farashi, nawa ne suka biya? Kada ka ƙiyasta, ka ƙirga, domin kusan kowa yana zaton adadin ya fi yadda yake. In 2 ne, ashe kana bukatar saƙo 5 kafin ciniki ɗaya ya faɗa. Raba 150 gida 5, ka samu 30. Wannan shi ne mafi tsadar kuɗin da za ka yarda ka biya a kan kowane mutum da talla ta turo maka. Rubuta shi a inda za ka riƙa gani.

Akwai abu guda da ke sassauta wannan lissafi. In kayanka irin wanda ake dawowa saye ne, mutumin da zai saya sau 4 a shekara darajarsa 1,200 ce a wurinka, ba 300 ba, don haka kana iya haƙuri da ɗan tsada a cinikin farko. Mai sayar da abin da ake saye sau ɗaya a shekaru ba shi da wannan sararin.

Mataki na 2: Kaya ɗaya, mutum ɗaya, dalili ɗaya

Kada ka tallata shagonka gaba ɗaya. Zaɓi kaya guda, wanda ya fi fita ko wanda ya fi barin riba. Sannan ka siffanta wa kanka mai sayensa kamar kana ganinsa: shekarunsa nawa, me yake yi, wace damuwa ce ta sa yake neman wannan abin, me kuma ke sa shi ja da baya lokacin biya. Mai cewa "kayana na kowa ne" yakan rubuta tallar da ba ta magana da kowa.

Amsar ba a kanka take ba, tana cikin hirarrakin da ka riga ka yi da mutane. Koma ka karanta tambayoyin da ake maimaita maka. "Yana koɗewa in an wanke?" "Kwana nawa zai iso?" "In bai yi mini daidai ba za a canza?" Kowace tambaya a nan tsoro ce, kuma talla mai kyau ita ce wadda ta kashe tsoron kafin a furta shi. Kalmomi irin su "mai inganci", "mai rahusa", "na zamani" ba sa faɗin komai, domin babu ɗan kasuwar da ke cewa nasa marar inganci ne. "In ya koɗe a wanki na farko, dawo da shi ka karɓi kuɗinka" magana ce da mutum zai tsaya ya sake karantawa. Sai dai kada ka faɗi abin da ba za ka cika ba.

Mataki na 3: Zaɓi dandali, kada ka raba ƙafa

Dandalin talla iri biyu ne, kuma bambancinsu ya fi sunayensu muhimmanci. A Google mutum ne ya fito neman abu da kansa, ya rubuta "mai gyaran firiji kusa da ni". A Facebook, Instagram da TikTok kuwa ba kai ya zo nema ba, nishaɗi ko labari ya kawo shi, kai ne za ka tare shi a hanya. Don haka sana'ar da ake nema lokacin da bukata ta taso, kamar gyara, jigila, asibitin dabbobi ko koyarwa, Google ya fi dacewa da ita. Kayan da ido ke sha'awa kafin zuciya ta yanke hukunci, kamar sutura, kayan ado da kayan ɗaki, wurinsu inda ake kallon hoto da bidiyo.

Facebook ya sayi Instagram a 2012, ya sayi WhatsApp a 2014, sannan a 2021 uwar kamfanin ta koma amsa sunan Meta. Amfanin sanin wannan a wurinka shi ne, daga asusun talla guda kana iya fitar da talla a Facebook da Instagram, wanda ya danna kuma ya faɗo kai tsaye cikin WhatsApp ɗinka. Ga ɗan kasuwar da ba shi da shafin intanet na kansa, wannan ita ce hanya mafi gajarta tsakanin gani da ciniki.

Fara da dandali ɗaya, in ya yi yawa biyu. Mutum ɗaya da ke saro kaya, ya ɗaure, ya amsa waya, ba zai iya ciyar da shafuka biyar ba. Shafin da aka yi wata huɗu ba a wallafa komai a kai ba kuwa yana sa baƙo ya ɗauka an rufe kasuwancin.

Mataki na 4: Gyara inda baƙo zai sauka

Wannan matakin kyauta ne, shi ya sa ake raina shi. Buɗe shafinka da wayar wani ka dube shi da idon wanda bai san ka ba. Cikin daƙiƙu kaɗan, zai gane me kake sayarwa, a ina kake, da yadda zai yi oda? In a'a, gyara. Sunan shafi ya ƙunshi sana'ar, ba sunanka kaɗai ba, domin akwatin bincike da sunan yake aiki. Hoton shafi ya fito sarai ko da ya ƙanƙance. Kuma ka mayar da asusun na kasuwanci, don a nan ne ake samun alƙaluman da za mu yi magana a kansu a gaba.

Sai WhatsApp Business, manhajar da aka fitar a 2018 musamman don ƙananan 'yan kasuwa, kuma kyauta ce. Cike bayanan kasuwanci da lokutan aiki. Jera kayanka a kundin kaya da ke cikinta, kowane da hoto, bayani da farashi. Saita saƙon maraba da ke fita da kansa ga wanda ya yi maka magana a karon farko, da saƙon "ba na kusa" na lokacin da ka rufe. Tana kuma ba ka damar adana amsoshin da kake yawan maimaitawa, ka kira su da gajeriyar kalma, da liƙa wa kowace hira alama: sabon mai tambaya, ya biya, an tura masa, yana jiran kaya. Ranar da saƙo 40 suka shigo lokaci guda za ka gane darajar waɗannan alamomi.

A kan farashi, ra'ayina a fili yake: ka rubuta shi. Al'adar "zo inbos ka ji kuɗin" tana kore mai kunya da mai sauri, ta tara maka masu tambaya don jin ƙwaƙwaf. In kuma talla kake biya a kan kowane saƙo, to kuɗi kake kashewa don jin "nawa ne?" daga mutanen da da sun ga farashin ba za su dame ka ba.

In kana da wuri tsayayye da ake zuwa, ko kana zuwa yi wa mutane aiki a yankinka, yi rajista a Google Business Profile, wanda kafin 2021 ake kira Google My Business. Shi ne ke sa sunanka ya fito a taswirar Google tare da lambar waya, lokutan aiki da ra'ayoyin waɗanda suka yi hulɗa da kai. Za su nemi ka tabbatar da cewa wurin naka ne, ka daure ka kammala. Bayan haka ka riƙa roƙon duk wanda ya ji daɗin aikinka ya rubuta layi biyu a can. Kada ka sayi yabon ƙarya. Dokar Google ta hana, suna gogewa, a Amurka ma tun 2024 hukumar kula da ciniki ta tarayya ta haramta saye da sayar da irin wannan yabo. Ga shi kuma mai karatu ba wawa ba ne, yana gane yabo 20 da aka rubuta rana ɗaya da salo ɗaya.

Mataki na 5: Hoto, bidiyo da rubutu

Ba ka bukatar kyamara mai tsada. Goge gilashin kyamarar wayarka, ka tsaya kusa da taga da rana, haske na dukan kayan ba bayansa ba, ka kawar da tarkacen da ke bango. Wannan kaɗai ya raba ka da masu yawa. Ɗauki bidiyo a tsaye, ba a kwance ba, domin Reels na Instagram da Facebook, TikTok, Shorts na YouTube da Status na WhatsApp duk a tsaye suke cika fuskar waya.

Daƙiƙu biyu zuwa uku na farko su ne komai. Kada ka ɓata su da tambarin kamfani yana juyawa ko doguwar gaisuwa. Fara da kayan yana aiki. A ce jaka kake sayarwa: hannu ya buɗe zif, ya zura kwamfuta, ya zura littafi, kwalbar ruwa ta shiga aljihun gefe, a rufe, a rataya a kafaɗa, a juya baya. Ba a ce "tana da faɗi" ba, amma an gani. Matso da kyamara kan ɗinkin hannun jakar, wurin da kowa ya san nan take fara yagewa. Sa rubutu a kan bidiyon, domin mutane da yawa suna kallo ne ba tare da sun kunna sauti ba.

Rubutun da ke rakiya ya zama gajere: layin farko ya ambaci damuwar mai saye ko amfanin kayan, na biyu ya kawo hujja, na uku farashi da yadda ake kai kaya, na ƙarshe ya ce abin da za a yi. Umarni ɗaya tak. In ka ce a kira, a yi layk, a tura wa abokai, a ziyarci shafi, ba za a yi ko ɗaya ba. Ka yi rubutu da harshen da masu sayenka ke hira da shi.

Kada ka ɗauko hoton wani daga intanet ka ce naka ne. Ranar da kayan ya isa hannun mai shi ya ga bambanci, ba mutum ɗaya ka rasa ba, har da duk wanda zai ba labari.

Mataki na 6: Gwada a kyauta tukuna

Yi mako uku ko huɗu kana wallafawa a kai a kai, sau uku ko huɗu a mako ya isa. Sassaɓa: yau kayan, gobe yadda ake haɗa shi, jibi saƙon godiyar wani mai saye bayan ka nemi izininsa ka kuma rufe sunansa da lambarsa. Status na WhatsApp yana ɓacewa bayan awa 24, amma masu ganinsa mutane ne da suka riga suka san ka, shi ya sa yake yawan kawo ciniki. Guda uku zuwa biyar a rana sun wadatar. In ka jera talatin, za a toshe ka a ɓoye ba ka sani ba.

Abin da kake nema a wannan lokaci shi ne wane hoto ko bidiyo ne ya sa aka yi maka magana, ba wanda ya fi tara layk ba. Shi za ka sa wa kuɗi.

Mataki na 7: Yanzu ka biya

Maɓallin Boost, wato shuɗin maɓallin nan da ke ƙarƙashin abin da ka wallafa, ba haram ba ne, amma zaɓinsa kaɗan ne. Gara ka shiga Ads Manager na Meta, wato shafin da ake tsara talla dalla-dalla, ko da zai ɗan ruɗe ka a ranar farko. In iPhone kake riƙe da shi, ka lura: tun 2024 ana ɗora ƙarin kashi 30 cikin 100 na kuɗin Apple a kan Boost ɗin da aka biya ta cikin manhaja, wanda ya biya ta burauza, irin su Safari ko Chrome, kuwa ba ya biyan wannan ƙarin.

Abu na farko da za a tambaye ka shi ne manufa, kuma a nan mafi yawan kuɗi ke salwanta. Na'urar Meta ta san waɗanda suka saba danna layk, ta san masu kallon bidiyo, ta san masu tura wa 'yan kasuwa saƙo, kuma abin da ka nema shi za ta kawo maka ba ƙari. Ka nemi a san da kai, za ta nuna wa mutane masu yawa a kan araha, ba ruwanta da ko sun saya. Don haka in ta hira kake ciniki, zaɓi manufar da ke kai mutane ga turo saƙo, ka haɗa ta da lambar WhatsApp Business ɗinka. In kana da shafin intanet da ake biya a kansa, zaɓi manufar sayarwa, ka sa a dasa maka Meta Pixel, ɗan guntun rubutun kwamfuta da ke gaya wa Meta wa ya saya, don ta nemo irinsa.

Na biyu, waɗanda za a nuna wa. Fara da wuri: iyakar inda za ka iya kai kaya ko aiki cikin sauƙi, ko da kilomita kaɗan ne kewaye da kai. Babu amfanin saƙo daga garin da ba ka iya aikawa. Sa shekaru da jinsi in kayan ya bukaci haka. Amma kada ka cika tsuke da'irar da jerin sha'awoyi goma sha, domin in mutanen suka yi kaɗan kuɗin nunawa yakan tashi. Sau da yawa bidiyon kansa ne ke tace masu kallo: wanda abin bai shafa ba zai wuce, na'urar kuma tana lura.

Yana da kyau ka san yadda ake yanke farashin. Gwanjo ne ake yi duk lokacin da za a nuna wa wani talla, kuma ba mai kuɗi da yawa ne ke ci kullum ba. Ana haɗa tayinka, da yiwuwar mutumin ya aikata abin da ka nema, da ingancin tallar. Ke nan bidiyon da mutane ke tsayawa kallo yana rage maka tsada, wanda ake tsallakewa ko ake ƙorafi a kansa yana ƙara maka. Nan ƙaramin ɗan kasuwa ke iya kayar da babba.

Na uku, kasafi. Sa kuɗin kullum da in ya tafi gaba ɗaya ba zai hana ka barci ba, ka bar tallar ta yi aƙalla mako guda. Sabuwar talla tana shiga wani zangon koyo, inda na'urar ke laluben waɗanda suka dace, kuma Meta ta ce yawanci sai an samu sakamako kusan 50 cikin kwana 7 kafin ta daidaita. Mai ƙaramin kasafi ba lallai ya kai wannan adadi ba, ba komai, amma darasin yana nan: duk babban gyara da ka yi, kamar canza hoto ko waɗanda ake nuna wa, yana mayar da koyon baya. Wanda ke leƙawa kowace awa yana taɓa nan yana taɓa can, shi ke hana tallarsa kama ƙasa. Haka kuma kada ka raba ɗan kuɗin gida shida. Rukunin talla ɗaya, wato kasafi ɗaya da jama'a ɗaya, da bidiyo ko hoto biyu zuwa uku a ciki, ka ga wanda zai yi fice. In za ka gwada, canza abu ɗaya kawai a lokaci guda, in ba haka ba ba za ka san me ya kawo bambancin ba.

Kafin ka rubuta taka, leƙa Meta Ad Library. Rumbu ne a buɗe ga kowa, ka rubuta sunan kowane shafi ka ga tallace-tallacen da yake gudanarwa yanzu da ranar da ya fara su. Tallar da aka bari tana gudana wata da watanni alama ce cewa tana biyan mai ita. Ka koyi tsarin, kada ka kwafi maganar.

Ga mai amfani da Google Ads, wanda ya fara a 2000 da sunan AdWords, kalmomin da mutane ke rubutawa kake taya, kuma a tallar bincike sai an danna kake biya. Zaɓi kalmomin mai niyyar saye, ba na mai neman ilimi ba. "Mai gyaran firiji" ciniki ne, "yadda ake gyara firiji" ɗalibi ne. Akwai wurin jera kalmomin da ba ka so tallarka ta fito a kansu, sa irin su "kyauta", "koyo" da "neman aiki". Duk mako ka duba jerin ainihin abin da mutane suka rubuta kafin su danna ka, za ka sha mamakin inda kuɗinka ke zuwa.

Mataki na 8: Amsa saƙo, a nan ciniki yake

Mutumin da ya danna tallarka yana cikin zafin sha'awa, kuma zafin ba ya daɗewa. In ka amsa bayan awa shida, ya manta da kai ko ya saya a wurin wani. Don haka kada ka kunna talla a makon da ka san ba za ka samu sukunin riƙe waya ba, ko kuma ka sa wani amintacce a kai.

In ya ce "nawa ne?", kada ka jefa masa lamba ka yi shiru. Gaishe shi, faɗi farashi da abin da ya ƙunsa, sannan ka rufe da tambayar da za ta ci gaba da hirar: wane launi yake so, ina za a kai masa. In ya yi shiru, tuntuɓe shi sau ɗaya washegari cikin ladabi. Sau ɗaya. Fiye da haka ya zama naci. Wanda ya zo da ƙorafi a bainar jama'a kuwa, amsa masa a nan cikin sanyin murya, ka ja shi gefe ku warware. Masu karanta amsarka sun fi shi yawa, kuma halinka suke aunawa. Goge ƙorafi na gaskiya ya fi barinsa illa.

Mataki na 9: Karanta alƙaluma, ka yanke hukunci

Bayan mako guda, lambobi uku kake bukata: nawa ka kashe, saƙo nawa suka shigo, mutum nawa suka biya. Raba na farko da na biyu, ka gwada da iyakar da ka rubuta a mataki na 1. Raba na farko da na uku, ka gwada da ribarka.

Lambobin suna nuna inda ciwon yake. In ana gani ba a dannawa, laifin hoton ne ko layin farko. In ana dannawa ana tambaya amma ba a saye, duba farashi, saurin amsawa, ko kuma tallar ta yi alƙawarin da kayan bai kai ba. In ta fara da kyau sannan ta yi sanyi, duba sau nawa mutum ɗaya ya gan ta, wataƙila an gaji da ita, lokacin sabon bidiyo ya yi. Wadda ke kawo riba, ƙara mata kuɗi kaɗan-kaɗan, kada ka ninka dare ɗaya. Wadda ba ta yi ba, kashe ta ba tausayi, ko da ita ce ka fi so.

Kada ka dogara da rahoton kamfanin kaɗai. Tun da Apple ya fito da tsarin neman izinin mai waya kafin manhajoji su bi sawunsa a 2021, lissafin kamfanonin talla ya rage kaifi, cinikin da aka ƙulla a hira ko a waya kuwa da ma ba duka suke gani ba. Tambayi kowane sabon mai saye, "A ina ka gan mu?", ka rubuta a littafi.

Haka za ka auna masu mabiya da yawa da ke karɓar kuɗi su tallata kaya. Yawan mabiya ba hujja ba ne, ana sayensu. Nemi ya nuna maka adadin masu kallon abubuwan da ya wallafa kwanan nan da yankunan da suke, ka karanta sharhin da ake masa ka ga ko na mutanen gaske ne. Ba shi wata kalma ta musamman da mabiyansa za su ambata don samun ragi, da ita za ka ƙirga abin da ya kawo. Ku kuma rubuta yarjejeniya: ranar wallafawa, tsawon lokacin da zai bar ta, da bayyana wa jama'a cewa talla ce.

Mataki na 10: Riƙe na hannu, ka kulle ƙofa

Sayar wa wanda ya taɓa saye ya fi sauƙi da araha a kan farauto sabo. Bayan kaya ya isa, tambaye shi ko ya gamsu. Nemi izininsa ka riƙa sanar da shi sabon kaya, ka kuma roƙe shi ya adana lambarka, domin saƙon bai-ɗaya na WhatsApp, wanda ke ɗaukar mutum 256 a jeri guda, ba ya isa sai ga wanda ya adana lambar mai aikawa. Kada ka jefa mutane cikin guruf ba da saninsu ba, kada kuma ka sayi jerin lambobin da ba ka san masu su ba. In ƙorafi ya yi yawa ana rufe layin, ga kuma dokokin kare bayanan jama'a da ƙasashe da dama suka kafa.

Ka tuna shafin nan ba mallakinka ba ne, haya kake. A ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook, Instagram da WhatsApp sun ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida, kuma ana iya rufe asusun mutum ɗaya ba tare da dogon bayani ba. Ajiye sunaye da lambobin abokan cinikinka a wani wuri na daban, a littafi ko a kwamfuta, ka sabunta duk mako.

Kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin lambar tsaro da ake nema kafin a shiga, a kowane asusu, musamman wanda ka haɗa da katin banki. 'Yan damfara suna turo saƙo da tambarin Meta cewa za a rufe shafinka cikin awa 24 in ba ka danna wani mahaɗi ba, ko su kira ka su nemi lambobi shida da aka turo maka ta saƙon waya. Kada ka danna, kada ka bayar. In ka ɗauki wani ya riƙa kula maka da talla, ƙara shi a matsayin ma'aikaci da iyakantaccen iko ta cikin saitin asusun kasuwancin, ka sa iyakar kuɗin da asusun zai iya kashewa, kalmar sirri kuma ta tsaya a wurinka.